Kafin Tumatir Ya Yi Ruwa: Ɗiba da Ajiyar Kayan Lambun Tsakar Gida

Shekarar da na fara shuka a buhu a bayan ɗakinmu a nan Kano, tumatir gindi 12 na dasa, da kuɓewa layi guda a jikin katanga, da alayyahu a wani tsohon baho da ƙasansa ya tsage. Kusan wata uku ina ban ruwa safe da yamma, ina korar kajin maƙwabta, ina leƙa bayan ganye kamar mai duba wa yaro kwarkwata. Da watan Fabrairu ya kama, sai tumatirin ya tashi nuna kusan lokaci ɗaya. Na aika wa maƙwabta, muka sha miyar dage-dage har ta gundure mu, ragowar kuma na wanke shi tas, na juye a bokitin roba, na rufe, na tura ƙarƙashin tebur, wai sai Asabar in na sami sarari. Ran Asabar da na ɗaga murfin, wari ne ya fara yi mini sannu da zuwa. Na sama sun yi laushi, na ƙasa sun zama ruwa, ƙananan ƙudaje sai tashi suke.

Goggona, ƙanwar mahaifina, ta shigo gari ganin likita tana kwana a wurinmu a lokacin. A wajen Kura ta yi aure, inda tumatir ke zube a gefen hanya kamar tsakuwa idan rani ya yi. Ta leƙa bokitin, ta ɗago ta dube ni.

"Ke 'yar nan, wa ya ce ki wanke shi?"

"Goggo, ai ƙura ce duk jikinsa."

"Ƙura ba ta ruɓar da tumatir. Ruwan da ya raine shi a gona, shi ne ajalinsa in an tsinke shi. Kin wanke, kin tara, kin toshe masa iska. To me kika rage?"

Duk abin da na koya daga baya game da ajiyar kayan lambu, a kan maganar nan tata yake tsaye. Tumatir da kuɓewa da ganye kusan ruwa ne zalla a cikin fata. Da zarar an raba su da uwarsu, ko dai ruwan ya fita a hankali su yanƙwane, ko ya tsaya ya zama gidan ruɓa. Aikin mai ajiya shi ne ta zaɓi ɗaya: ta sanyaya kayan ta jinkirta fitar ruwan na 'yan kwanaki, ko ta kore shi gaba ɗaya ta hanyar shanya, ko ta dafa ta rufe yadda babu abin da zai shiga. Ina cewa "ta" ne don yawanci aikin a hannunmu yake ƙarewa, amma maigidan da ke kula da lambun, shi ma da shi nake.

Aikin yana farawa tun daga lokacin da kika fita da kwando. Ki yi ɗiba da safe, bayan raɓa ta bushe, kafin rana ta yi zafi. Abin da aka tsinka da azahar yana shiga ɗaki da zafin rana a cikinsa, kuma wannan zafin ne ke ci gaba da dafa shi a kwando. In safiya ta kuɓuce miki da shirin 'yan makaranta, ki bari sai bayan la'asar sakaliya. Ki riƙe wuƙa mai kaifi ko almakashi, kada ki riƙa fizga, domin shukar buhu saiwarta ba ta da zurfi, fizga ɗaya sai ki girgiza gindin gaba ɗaya. Abin da kika ɗiba ki ajiye shi a inuwa nan take, a faifai ko tire mai faɗi, ba a bokiti mai zurfi ba. Wanki kuwa sai za a ɗora tukunya. In kuma kin yi feshin maganin ƙwari, ki karanta jikin robar: ana rubuta kwanakin da za a jira tsakanin feshi da ɗiba. Wanda ya sayar miki zai iya cewa gobe ma a ci. Ki bi rubutun.

Tumatir ba sai ya yi ja jawur a gindinsa ba. Da ya fara sauya launi daga ƙasa, koren ya dusashe ya koma ruwan ɗorawa-ɗorawa da ɗan ja, ya gama karɓar abin da zai karɓa, zai ƙarasa nuna a ɗaki. Wannan yana da amfani sosai a gidan birni, inda tsuntsu da ɓera da ƙadangare duk suke jiran ranar da ke ma kike jira. Ki jera shi ɗai-ɗai a faifai, wajen hancin yana kallon ƙasa, a wuri mai iska wanda rana ba ta shiga. In kina gaggawa, ki sa nunanniyar ayaba a tsakaninsu ki lulluɓe da jarida, iskar da ayaba ke fitarwa tana hanzarta nuna. In kuwa so kike ya daɗe, ki raba shi da ayaba da mangwaro. Kada ki sa wanda bai gama nuna ba a firij. Sanyin da ya yi ƙasa da digiri 12 yana tsayar da nunarsa, ya kashe ƙamshinsa, ya bar miki abu mai gari-gari a baki.

Kowace safiya ki bi su da ido da yatsa. Wanda ya tsage, ko ya bugu, ko kika ga ɗan rami baƙi kusa da hancinsa, ki cire shi ya shiga miyar ranar, don wake ɗaya ke ɓata gari. Ramin nan sau da yawa aikin tsutsar da manoma ke kira sharon ne, wadda ta cinye gonakin tumatir a Kano da Kaduna da Katsina a 2016 har jihar Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir. Ba ta san bambancin babbar gona da buhun bayan ɗakinki ba. Wanda ta ci da yawa kada ki jefar da shi a gindin shuka. Ki ƙulle a leda ki bar shi a rana, ko ki binne da zurfi.

Kuɓewa ita ce marar haƙuri. Daga ranar da furen nan mai ruwan ƙwai ya buɗe zuwa ranar da ya kamata a yanke ɗan, kwana 4 ne zuwa 6. Ki ƙara mata kwana biyu, ta zama itace. A bari ya huce shi ke kawo rabon wani, a nan kuwa rabon turmi yake kawowa. Gwajinta kowace mace ta san shi daga kasuwa: ki karya bakin da babban yatsa, in ya ɓalle ƙas, ɗanya ce, in ya lanƙwashe, ta tsufa. Ki riƙa zagaya ta duk bayan kwana biyu, ki ɗaga ganye ki duba, domin akwai masu ɓuya. In kika bar tsofaffi a jiki, uwar za ta ɗauka ta gama aikinta ta rage fure. Ki sa riga mai dogon hannu, ko ki zura hannu a leda, saboda ƙaiƙayinta.

Matsalar mai gindi 8 ko 10 ita ce abin da take samu a zagaye ɗaya bai kai miya ba: yau guda bakwai, jibi guda tara. Kada ki tara su a leda kina jiran su kai, za su yi baƙi-baƙi su yi yauƙi. Ki goge kowace da busasshen tsumma, ki yanka ta sirara a zagaye, ki baza a faifai. Na jibi ki baza su a gefe guda na faifan, ban da haɗawa da waɗanda suka fara bushewa. Kafin wata ya ƙare kin cika gwangwanin madara babba ba tare da kin ji a jikinki ba. In dole sai kin wanke, ki wanke ta ɗungurungum ki bari ta tsane sarai kafin wuƙa ta taɓa ta, domin yankakkiyar kuɓewa da ruwa ba sa haɗuwa sai a tukunya. Waɗanda suka ɗan wuce ba asara ba ne, su ma a yanka a shanya daban, su ne na daka. Ni dai ba na dake ta duka lokaci ɗaya. Gari yana saurin shan danshi, yauƙinsa kuma yana raguwa, don haka ta mako biyu nake dakawa, sauran ta zauna a yankenta.

Ganye ba a tumɓuke shi sai in wurin kike so. Alayyahu yana isa yanka kamar mako huɗu bayan shuka. Ki yanke shi ki bar taƙi ɗaya daga ƙasa, ki ba shi ruwa da ɗan taki, zai tofo da rassa, bayan mako biyu ki sake yanka. Da kin ga ya fara fitar da kai zai yi fure, ki tsinke kan, in ba haka ba ganyen zai ƙanƙance ya yi tauri. Yakuwa da rama da lalo kawunansu masu taushi ake tsinka, su ma haka ke sa su yin rassa. Latas ki riƙa ɓare na waje ki bar zuciyar, amma da zafin Maris ya shigo ki cinye abinki, zai miƙe ya yi ɗaci. Zogale kuwa kada ki ji tausayinsa. In kika bar shi zai zarce katanga ya kai ganyensa inda hannu ba ya kaiwa. Ki sare shi daidai ƙirjinki, zai ba ki rassa masu yawa a inda za ki tsinka kina tsaye.

Ga abin da za a ci cikin mako guda ko biyu, babu abin da ya kai tukunya cikin tukunya. Kakanninmu sun san ruwan randa yana sanyi saboda tana tsattsafo, iska na ɗauke danshin tare da zafi. Mohammed Bah Abba, tsohon malami a kwalejin kimiyya da fasaha ta Jigawa da ke Dutse, wanda ya tashi a gidan maginan tukwane, shi ya ɗauki wannan sani ya mai da shi ma'ajiyar kayan lambu, ya yaɗa ta a ƙauyukan Jigawa, har ya sami lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. Abin mamaki, mu na birni da muke kukan ɗauke wuta kullum, mu ne muka fi raina ta.

Haɗa ta ba wuya. Ki samo tukwanen ƙasa biyu marasa fenti, babba da ƙarama, yadda in kin sa ƙaramar a ciki za a sami tazarar yatsu biyu ko uku a zagaye. Ki zuba yashi a ƙasan babbar har bakunansu su zo daidai, sannan ki cike tsakaninsu da yashi. Yashin rafi mai tsabta nake nufi, ba jar ƙasa ba, ita takan toshe ƙofofin tukunyar. Ki jiƙa yashin sharkaf, ki zuba kayan a ƙaramar tukunya a bushe, ki rufe da jiƙaƙƙen tsumma mai kauri ko buhun algarara. Ki girke ta a inuwa inda iska ke wucewa, a kan duwatsu uku don iska ta bi ta ƙasa, ki riƙa ƙara wa yashin ruwa safe da yamma. Tumatir da tattasai da yalo da karas suna jin daɗinta, ganye ma yakan yi kwanaki bai yi yaushi ba in an naɗe shi a ɗan tsumma. Albasa da tafarnuwa ba sa shiga, danshi ne abokin gabarsu. Ki kuma san lokacinta: da rani da bazara take aiki, lokacin da iska ke da ƙishirwa. A tsakiyar Agusta, da iskar kanta ta ƙoshi da ruwa, sanyin da za ta ba ki kaɗan ne.

Ga ajiyar watanni kuwa, shanya ce uwa. Allah ya haɗa mana abu biyu a lokaci ɗaya: watannin da tumatir da tattasai suka fi yawa, daga Janairu zuwa Maris, su ne watannin da iskar arewa ta fi bushewa. Wanda ke zaune a Legas ko Fatakwal zai biya kuɗi ya sayi na'urar da za ta yi masa abin da hunturu ke yi mana kyauta. Sai dai hunturun da ƙurarsa yake zuwa. Duk wadda ta taɓa tauna yashi a miyar kauda ta san daga inda ya fito: yankakken tumatir da aka baza a ƙasa a gefen titi, motoci na wucewa, awaki na ratsawa. Amfanin yin taki a gida shi ne kin san inda ta kwana.

Ki sa kafinta ya buga miki firam na katako kamar tsawon hannu biyu, ya ɗaure masa ragar taga irin ta roba, da ƙafafu ko ki ɗora shi a kan bulo. Iska za ta bi ta sama da ta ƙasa, shi ya sa ya fi tire saurin busarwa. A sama ki yafa tsohon gidan sauro wankakke, ki ɗaga shi da 'yan sanduna kada ya kwanta a kan kayan. Ya tare ƙuda, ya tare kaji, ya rage ƙura. Ban yarda da shanya kai tsaye a kan kwanon rufi ba. Akwai tsatsa, akwai kashin ƙadangare da na tsuntsu, zafinsa kuma yakan ƙone gefen da ya taɓa shi alhali cikin bai bushe ba.

Tumatirin kauda shi ne mai tsoka da ƙarancin ruwa, dogon nan irin Roma ko wanda 'yan kasuwa ke kira UTC. Ki zaɓi nunanne mai ƙarfi, ba wanda ya fara lalacewa ba, domin rana ba ta gyara ruɓaɓɓe. A nan ana wankewa, a bari ya tsane. Ki yanka shi a tsaye gida huɗu, ko fale-fale kaurin da bai kai faɗin ƙaramin yatsa ba, ki jera bayan yana ƙasa yankan yana kallon rana, kada wani ya hau kan wani. Ɗan barbaɗen gishiri yana jawo ruwan waje. Ki fara da sassafe don ya sami cikakkiyar rana a yinin farko, wanda shi ne mafi haɗari. Da magariba ki shigar da firam ɗin ɗaki, gari na wayewa ki fitar. A rana ta biyu ki juya su. Cikin kwana 3 zuwa 5 zai bushe, ya danganta da kauri da zafin rana. Kauda mai kyau ja ce mai duhu, tana lanƙwasuwa kamar fata ko ta karye, in kin matsa babu laima. Wadda ta yi baƙi ƙirin ta daɗe ne a jiƙe kafin ta bushe. Kada ranki ya ɓaci in kin ga yadda ta ƙanƙance: kilo 10 na ɗanye da ƙyar ya ba ki kilo ɗaya.

Barkono ƙanana a shanya su ɗungurungum, ko a zura su a zare ta hanci a rataye. Tattasai da attaruhu suna da tsoka, sai an tsaga su biyu, in ba haka ba bayan ya bushe cikin ya yi fumfuna ba ki sani ba. Ki shafa mai a hannu ko ki sa leda kafin ki yanka attaruhu, kuma ki kori yara daga wurin. Maganar fumfuna ba ta wasa ba ce. Wani nau'inta da ke kama barkono da gyaɗa da masara yana barin guba mai suna afulatokzin, wadda ke lalata hanta a hankali, kuma dafuwa ba ta kashe ta. Busasshen tattasai da kika tsaga kika ga toka-toka ko kore a ciki, ko yana warin ɗakin da aka daɗe ba a buɗe ba, ki zubar. Kada ki ce za ki wanke.

Ganye shi kuma a inuwa ake shanya shi. Rana tana cinye korensa, tare da sinadarin da jiki ke mayarwa bitamin A. Zogale ki wanke shi da rassansa, ki kakkaɓe, ki rataye ya tsane, ki zage ganyen ki baza shi sirara a kan zani mai tsabta a ɗakin da tagoginsa ke buɗe. Da hunturu kwana 3 ko 4 ya isa ya riƙa murmushewa a hannu. Alayyahu da rama ki tsoma su a tafasasshen ruwa mai ɗan gishiri na minti ɗaya ko biyu, ki tsame, ki matse a hankali, sannan ki baza. Wannan tsomawar ce ke hana su komawa ruwan ƙasa da warin ciyawa bayan wata biyu. Kanwa tana sa kore ya fito, gaskiya ne, amma tana kashe wasu bitamin da ke cikin ganyen, a bar ta.

Abin haushin shi ne kuɓewa da ganye sun fi yabanya da damina, lokacin da rana ba ta da alƙawari. In marka ta sauka, kada ki yi jayayya da ita. Ku ci ɗanye, ki aika wa dangi, ki jira ƙarshen Satumba zuwa Oktoba, lokacin da ruwa ya ja baya shukar kuma ba ta gama ba. Wannan ne lokacin shanyar kuɓewa da yakuwa.

Firiza ba zan daɗe a kanta ba. In unguwarku na samun wuta ko kuna da sola, ki tafasa markaɗe ya kafe, ki ƙulla shi a leda daidai miya ɗaya-ɗaya, ki baje shi fale-fale ya daskare da wuri. Wanda ya narke har ya daina sanyi ba a mayar da shi, sai tukunya.

Zubawa a kwalba shi ne inda nake so a saurare ni da kyau, domin ana koyar da shi a wayoyi da sakaci. Yawancin abin da nake gani shi ne a markaɗa tumatir da tattasai da attaruhu da albasa gaba ɗaya, a tafasa, a ɗura a kwalba, a zuba mai a sama, a ce zai shekara. Akwai ƙwayar cuta da ke zaune a ƙasa, wadda tafasar ruwa ta yau da kullum ba ta kashe irinta. Tana farfaɗowa ne a inda babu iska kuma babu tsami, wato daidai cikin rufaffiyar kwalba, ta saki gubar da ke kawo ciwon botulizim mai shanye jijiyoyi har ya tsayar da numfashi. Ba lallai ne abincin ya yi wari ko ya sauya launi ba. Abin da ke hana ta tashi shi ne tsami. Tumatir yana da tsami daidai gwargwado, tattasai da albasa da kuɓewa ba su da shi, kuma duk abin da kika ƙara musu a kan tumatir yana rage tsamin haɗin. Man da ake zubawa a sama yana tare fumfuna na 'yan kwanaki, amma iskar da yake tarewa ita ce ƙwayar nan ba ta so tun farko. Saboda haka tumatir zalla nake sa wa kwalba. Tattasai da attaruhu na shanya su, su haɗu a tukunya ranar miya.

Ba a fafe gora ranar tafiya, ki fara tara kwalabe tun kafin tumatir ya nuna. Kwalbar bama ko ta jam, ta gilashi, mai murfin ƙarfe da robar cikinsa ba ta ɓare ba, babu tsatsa, bakin kwalbar babu tsaguwa. Ki wanke su, ki tafasa su, ki bar su a cikin ruwan zafin har lokacin ɗuri. Ki markaɗa lafiyayyen tumatir, ki dafa shi a buɗe har kumfar ta kwanta ya ragu ya yi kauri, amma kada ya kafe kamar na gwangwani, don zafi ba ya ratsa mai kauri sosai. A kowace kwalba mai cin lita ɗaya ki fara zuba ruwan lemon tsami cokalin cin abinci 2, mai rabin lita cokali 1. Ki ɗura tumatirin da zafinsa, ki bar faɗin yatsa ɗaya a sama, ki goge bakin, ki ɗaure murfin. Ki shimfiɗa tsumma a ƙasan babbar tukunya, ki jera kwalaben a tsaye, ki zuba ruwan zafi har ya shanye kansu da yatsu biyu. Lissafi yana farawa ne daga lokacin da ruwan ya tafasa sosai, ba daga lokacin da kika kunna wuta ba: minti 50 a Kano da garuruwa masu irin tsayinta, minti 55 a wuri mai tudu kamar Jos, inda ruwa ke tafasa kafin ya kai zafin da yake kaiwa a ƙasa. Ki tsamo su ki jera a kan tsumma, ba a kan siminti mai sanyi ba, ki ƙyale su har gobe. Murfin da ya kama zai lotsa ciki, in kin danna ba ya motsi. Wanda yake ɗagawa yana komawa bai kama ba, shi ne miyar gobe. Ki rubuta wata da shekara a jiki, ki ajiye a wuri mai duhu, ki cinye kafin wani ranin ya zagayo. Ranar buɗewa, in murfin ya kumbura, ko ya yi tsartuwa, ko kika ga kumfa, kada ko ɗanɗanawa ki yi. Lafiyayyen ma ki bari ya tafasa a miya aƙalla minti 10.

Albasa ita ce ke faɗa miki da kanta: wuyanta zai yi laushi lawashin ya kwanta. Da yawancinsu sun kwanta ki daina ban ruwa, bayan mako guda ki tone. Ki baza su da lawashinsu a inuwa mai iska har wuyan ya bushe ƙayau, ɓawon ya fara ƙara a hannu, sannan ki kitse lawashin ki rataye, ko ki yanke ki zuba a kwandon da iska ke ratsawa. Masu kaurin wuya ba sa daɗewa, da su za ki fara. Ja mai yaji, irin ta Galmi da ke Jamhuriyar Nijar, ta fi fara jure ajiya. Kabewa kuma ki bari sai farce ya kasa huda bayanta, ki yanke ta da ɗan hancinta tsawon yatsa, kada ki ɗauke ta da shi. In ba ta bugu ba za ta yi watanni a ƙarƙashin gado tana jiran ranar taushe.

Busassun kaya kafin ki rufe su ki gwada: ki zuba a kwalba ki rufe ki ajiye kwana ɗaya, in kin ga gumi a jikin gilashin, su koma shanya. In babu, ki rufe gam ki sa a duhu. Kafin ruwan farko, wajen ƙarshen Afrilu, ki fito da su, ban da ganye, su sha rana yini ɗaya, su huce, ki sake rufewa. A watan Yuli, lokacin da mai kayan miya zai jera miki tumatir huɗu a faranti ya faɗi kuɗin da za ki ɗauka wasa yake, ki ɗebo kauda tafi ɗaya da busasshen tattasai, ki jiƙa a ruwan ɗumi na rabin awa, ki markaɗa da albasa mai yawa. In kin jefa ɗanyen tumatir ɗaya ko biyu a ciki, ba kowane baƙo ne zai gane ba.

Saura iri. Kuskuren da na yi shekara biyu shi ne barin na ƙarshe, ƙananan da shukar ta haifa bayan ta gaji. Iri daga mafi kyawun ɗa na mafi lafiyar gindi ake ɗauka, a tsakiyar kakarsa. Ki ɗaura wa wanda kika zaɓa ɗan ƙyalle don kada wani ya tsinke. Kuɓewa ki bar ta a jiki har ta bushe ta fara tsagewa. Alayyahu ki yanko kan da ya bushe ki murje a faifai ki sheƙe. Tumatir ki matse 'ya'yan da ruwansu a kofi ki bar su kwana 2 ko 3 har yauƙin ya sake su, ki wanke, ki zubar da masu tasowa sama, ki baza masu nutsewa a faranti a inuwa. In takardar da kika sayo irin a ciki an rubuta mata F1, irin aure ne, 'ya'yansa ba za su fito kamar uwarsu ba, gara ki sake saye. Goggo da tokar murhu tankaɗaɗɗiya take cakuɗa nata, ta zuba a kwalbar magani wankakkiya ta toshe, tokar na shan danshi tana korar ƙwari, ni ma haka nake yi. Mako biyu kafin shuka ki ƙirga ƙwaya 10, ki naɗe a jiƙaƙƙen tsumma ki ajiye a gindin randa, ki riƙa yayyafa masa ruwa. In bakwai ko takwas sun tsiro cikin mako guda, ki cika buhunanki da ƙasa. In uku ne kawai, ki leƙa gidan maƙwabciyar da kika aika wa tumatir bara, ki tambaye ta ko ta ajiye.